Mai Kumatu a Gidan Saloma

A unguwar Zariya ta Maradi, idan baƙo ya tambayi gidan Barnaba tela, sai mutane sun ɗan tsaya tunani. Idan kuwa ya ce gidan matar nan mai tumatir, ko mai gawayin bakin titi zai nuna masa da baki. Barnaba ba ya jin haushi. Shi da kansa yake ba da labarin yana dariya, wai ya tsufa yana ɗinka wa garin nan riguna, tumatir ya zo rana tsaka ya ƙwace masa suna.

Matar ita ce Saloma, ɗiyar Anuhu, haifaffiyar Tibiri. Mahaifinta manomi ne, kuma shi ke buga ƙarfen kiran sujada ranar Lahadi a ƙaramar majami'arsu. Mahaifiyarta, Inna Ramatu, tana da ɗan fili a bakin Gulbi. Da ruwa ya janye bayan damina sai ta dasa albasa da tattasai da wani tumatir da ake kira mai kumatu. Sunan ya dace da shi. Ƙato ne, mai faɗi, jikinsa tsaga-tsaga kamar kabewa, kowane ɓangare ya kumburo kamar kuncin jaririn da ya ƙoshi. Ja ne mai duhu, kafaɗarsa kuma kore ko ya nuna. Fatarsa ba ta da kauri ko kaɗan, da ka matsa shi da yatsa ya fashe. Saloma ta tashi tana cin sa ɗanye a gindin shuka, da ɗan gishiri ƙulle a bakin zane, ruwansa yana gangaro mata har gwiwar hannu.

Da ta auri Barnaba suka dawo Maradi. Shi ya kama shago a Sabon Gari, ita kuma ta samu aikin girki a kantin abincin ɗalibai na wata lakwal, wato makarantar kwana. Nan ta yi ƙuruciyarta da rabin tsufanta, gaban manyan tukwanen da mutum zai iya zama a ciki. Ta buɗe gwangwanin tumatir har hannunta ya yi kanta. Ta jiƙa kauɗa, ta niƙa dogon tumatirin nan mai tauri da ake lodawa a kamiyo, babbar motar kaya. Ba ta ma lura da lokacin da mai kumatu ya ɓace daga kasuwa ba. 'Yan kasuwa ba sa son sa, don kafin kwando ya iso gari rabinsa ya zama ruwa, manoma kuwa abin da ake saye shi suke shukawa. Da Inna Ramatu ta rasu aka raba 'yan kayanta, babu wanda ya tuna da ɗan goran da take ajiye iri a ciki.

Sai da Saloma ta ajiye aiki, ta koma girka wa mutum biyu kawai, sannan abin ya fara damun ta. Kullum ta ɗanɗana miya sai ta girgiza kai.

"Ba ta kai ta Inna ba."

"Uwar Bege," in ji Barnaba, yana suɗe yatsa, "ba tumatir kike kewa ba, ƙuruciya kike kewa. Ni ma da ina yaro ko garin rogo daɗi yake mini."

Bege, ɗiyarsu da ke aikin jinya a Damagaram, ita ma ta ɗauki zancen tatsuniya. Duk lokacin da ta kira waya sai ta tambaya ko an ga tumatirin nan mai kumatu, ko har yanzu yana ƙasar aljanu. Saloma takan yi dariya tare da su, amma ba ta daina tambaya ba. Ta tambayi masu kayan miya a babbar kasuwa, ta tambayi dangi a Tibiri. Tsofaffi su ce lalle sun san shi, matasa su ce ba su taɓa ji ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan Saloma da na Maijidda, kuma katangar ba ta da tsayi. Ta kanta suke miƙa wa juna wuta da daddawa da labari. Maijidda mutuniyar Jiratawa ce, mai sayar da ƙuli-ƙuli, mai murya kamar tana kiran wani daga ƙetaren gulbi. Idan sallah ta zo nama ya tsallako, idan Kirsimeti ta zo shinkafa ta tsallaka. Wata shekara, wajen ƙarshen sanyi, aka yi wa ƙanin Maijidda haihuwa a Jiratawa, sai ta leƙo ta kan katanga.

"Uwar Bege, ki shirya. Suna za mu, kuma ba zama za ki yi ba. Babu wanda ya san babbar tukunya kamar ki."

Ranar sunan Saloma ta ɗaura ɗamara a bayan gida tare da matan dangi. An gama shinkafa, an zo haɗa kwaɗon zogale, sai aka ga ɗanyen tumatir ya ƙare. Ana cikin shawarar wa za a aika, wani tsoho da ke zaune a inuwar rumbu ya miƙe a hankali. Baba Tanimu ne, kawun Maijidda. Ya zagaya bayan ɗakinsa, jim kaɗan ya dawo riƙe da bakin rigarsa, ya tsaya nesa da mata yana ɗan jin kunya.

"Ga wasu nan, in za su yi. Munana ne dai. Na tsofaffi ne."

Ya juye su a faifai. Saloma tana riƙe da muciya, sai ta ji muciyar ta yi mata nauyi. Ta ajiye ta. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi a tafin hannu, ga tsagogin, ga koren kafaɗar. Ta kai hanci. Ba ta nemi wuƙa ba, ba ta nemi gishiri ba, ta gartsa masa haƙori a gaban kowa, ruwan ya fantsamo mata a gaban riga, sabuwar atamfa kuwa.

"Maijidda!" ta ce, baki cike. "Shi ne! Na rantse shi ne!"

"Shi wa?"

"Mai kumatu!"

Matan suka tsaya kallon wannan baƙuwa daga birni da ke dariya hawaye na zuba, da rabin tumatir a hannu. Baba Tanimu ne kaɗai bai yi mamaki ba. Ya matso ya dube ta da kyau.

"Ɗiyata, ke ta ina ce kika san sunansa?"

"Tibiri, Baba. Innata ce ke shuka shi a bakin Gulbi."

"To, ashe da saura," in ji tsohon. "Na ɗauka ni kaɗai na rage."

Ya kai ta bayan ɗakin. Can kusa da randa, inda ake zubar da ruwan alwala, ga 'yan shukoki sun jingina da kara. 'Ya'yansa suna noman rani a filayen ban-ruwa, suna fitar da dogon tumatir kwando-kwando, suna kuma yi masa dariya a kan nasa. Shi kuwa dalilinsa ɗaya ne: haƙoransa sun tafi, wannan kuma ba ya buƙatar tauna. Ya zaɓo wanda ya nuna luɓus, ya matse shi a kan wani tsohon tsumma, ya baza 'ya'yan da yatsa, ya barbaɗa toka.

"Ki shanya shi a inuwa, ba a rana ba. In ya bushe ki naɗe. Kada ki shuka sai damina ta juya baya."

Saloma ta ce to. Amma da ta dawo gida tsumman ya hana ta sakat. Ta rataye shi a ƙusa, ta sauke, ta shinshina, ta mayar. Bazara ta shigo, zafin Maradi ya fara dafa mutane, ita kuwa ta ce ba za ta iya jira ba. Allah ya sa Maijidda ta leƙo daidai tana shirin jiƙa shi.

"Ba ki ji abin da tsoho ya ce ba?"

"Zan riƙa ba shi ruwa safe da yamma."

"To, ba ni almakashin mijinki."

Maijidda ta raba tsumman biyu, ta cusa rabi a lalitarta, ta ce wannan ba za a gan shi ba sai an ci sabon gero. Rabin da Saloma ta shuka ya tsiro, ya yi ganye shar, har ya yi fure. Sannan furannin suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, ko ɗa guda bai ƙulla ba. Kafin ruwan farko shukokin sun ƙone ƙurmus. Ta zauna a kan turmi ta yi tagumi. Barnaba ya dawo daga shago ya gan ta haka, ya buɗe baki zai yi tsokana, sai ya fasa. Washegari da kansa ya tambaye ta wace irin ƙasa Inna Ramatu take shukawa a ciki.

"Baƙa ce, mai danƙo. Ba wannan rairayin namu ba."

Da damina ta ja baya sai ga su a kan tsohon babur ɗinsa, sun nufi bakin Gulbi da buhunan siminti da babu komai a ciki. Barnaba, wanda rabonsa da fartanya tun yana saurayi, ya naɗe wando ya shiga laka. Suka yi ta jigila har bayan babur ɗin ya fara kuka. Saloma ta gauraya ƙasar da takin awaki da ya kwana biyu, ta cika buhuna da fasassun robobi da wata tsohuwar tukunyar kantin da gindinta ya huje. Maijidda ta kawo rabin tsumman kamar yadda ta yi alkawari. Aka shimfiɗa shi a kasko, aka rufe da ƙasa kaɗan, aka yayyafa ruwa.

Ranar da suka tsiro, Saloma ta ƙwala kira har Maijidda ta fito ba ɗankwali, ta ɗauka gobara ce.

Daga nan aka shiga yaƙi. Kajin Maijidda ne suka fara, suka tsallako katanga suka tone buhu biyu. Maijidda ta kama su ta zuba a akurki, zakaran da ya fi taurin kai kuma ya kwana a tukunya, aka miƙo wa Saloma cinya. Sai ƙadangaru, waɗanda suka jira 'ya'ya suka ƙulla sannan suka fara ɓula su. Saloma ta kore su da tsintsiya har ta gaji, sai ta lura ruwa suke nema. Ta ajiye musu kasko cike da ruwa can gindin katanga, aka yi sulhu. Ruwan pampo kuwa ba kullum yake zuwa ba. Ta koyi tara ruwan wankin shinkafa da na ɗaurayar kwano a bido, wato jarka, ko ɗigo ba ya zuba a banza a gidan.

Rana ce ta rage. Ko da sanyi ya shigo, ranar tsaka tana dukan shukokin har su yi laushi. Wata yamma Barnaba ya shigo da wani ƙaton ƙunshi a bayan babur, ya kwance a tsakar gida. Ƙyallayen da ke ragewa a shago ne ya harhaɗa ya ɗinke, atamfa da shadda da leshi da yadin 'yan lakwal, ya yi rumfa guda, ya bar 'yan ƙofofi don haske ya ratsa. Suka ɗaura ta a kan sanduna. Tsakar gidan ta koma kamar ana biki. Matan unguwa suka riƙa shigowa kallo, kowace tana neman nata.

"Ga ankon auren Nafisa can!"

"Wancan shuɗin ai rigar sallar maigidanmu ce!"

Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti, sai tumatir na farko ya nuna. Saloma ta gan shi da safe ta zo ban-ruwa, ya yi ja a ƙarƙashin ganye, ya cika tafin hannu. Ba ta tsinke shi ba sai ranar Lahadi. Ta sa shi a farantin tangaran ta rufe da adiko, ta tafi da shi majami'a. Lokacin baiko wasu suka kai gero, wasu suka kai gyaɗa, ita ta ajiye tumatir guda ɗaya a gaba, ta koma wurinta tana waƙa da ƙarfi fiye da kowa. Matan zumunta suka yi ta leƙen farantin. Wata tsohuwa daga Tibiri ta dafa ƙirji ta ce rabonta da ganin wannan tun tana amarya.

Bege ta iso hutu, ta tarar sauran sun nuna. Ranar Kirsimeti Saloma ba ta bar kowa ya taɓa tukunya ba. Ba ta kai niƙa ba, da hannu ta murje su. Ta soya albasa, ta zuba, ƙamshin ya tashi ya tsallake katanga. Miyar ta yi kauri ba tare da gwangwani ba, ga ɗan tsami, ga zaƙi a bayansa. Aka zuba wa Barnaba. Ya kai loma, ya tauna. Ya sake kai wata. Saloma tana tsaye a kansa da ludayi, ta kafe shi da ido.

"To, Baban Bege? Ƙuruciya ce ko tumatir?"

Bai ɗago kai ba. Ya miƙo kwanon.

"Ƙara mini tukuna, sai mu yi magana."

Bege ta yi dariya har ta ƙware. Ita ma da ta ci ta ɗaga hannu ta ce ta tuba, daga yau ta yarda akwai ƙasar aljanu kuma a tsakar gidansu take.

Kwanukan da aka rarraba wa maƙwabta a ranar su suka jawo jama'a. Kwano ya dawo, tambaya ta biyo shi: me aka sa a miyar nan? Saloma ba ta sayar da ko ɗaya ba, ba ta kuma hana kowa ba. Duk wadda ta zo sai ta zaunar da ita, ta yanka mata ta ci da gishiri, sannan ta ba ta ɗan ƙyalle mai iri da toka. Sharaɗinta biyu ne. Kada a shuka shi da bazara, wannan kuwa takan faɗe shi tana kallon ƙasa, Maijidda na tari a gefe. Na biyu, duk wadda nata ya yi, ta ba wata. A haka mai kumatu ya shiga gidajen Zariya, ya tsallaka Sabon Gari, wata malamar lakwal ta kai shi Tibiri inda Saloma ta fara saninsa. Wasu nasu ya mutu, wasu awaki suka cinye, wasu kuma ya yi har ya fi na Saloma girma, abin da ba ta cika son a faɗa a gabanta ba.

Shekarar da aka yi ruwa mai yawa, Maijidda ta dawo daga Jiratawa da labari. Ɗakin Baba Tanimu ya faɗi. Allah ya kiyaye, ba ya ciki, amma tsummokaransa na iri da ke soke a rufi sun bi laka. An gina masa wani ɗakin, yana ci yana sha, sai dai ya rage magana. Saloma ta jira lokacin dashe ya yi, ta cika roba da 'yan shukoki masu ƙwari, ta ɗora a cinya a bayan babur, tana yi wa Barnaba faɗa a kan kowane rami. Suka tarar da tsohon a inuwar rumbu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye robar a gabansa. Ya daɗe yana kallo. Ya murza ganye ɗaya ya shinshina yatsunsa, sai fuskarsa ta washe, dasashi duk a waje.

"Ja'irai," ya ce wa shukokin. "Kun je birni kun yi ƙiba."

A ranar, da sandarsa da komai, shi ya nuna inda za a haƙa kowane rami.

Yanzu Saloma ta tsufa, gwiwa ta fara ba ta wahala, sai a kan kujera 'yar tsugunno take ban-ruwa. Buhunan sun kai har bakin zaure, wurin shanya ma da ƙyar ake samu. A sanyin da ya wuce, tana ɗaga ganye a layin da ke kusa da madafa, ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Shuka ɗaya ta yi 'ya'ya masu tsagogi da kumatu kamar sauran, amma maimakon ja, rawaya ne kamar ƙwaiduwa. Ta ɗauka ciwo ne. Ta taɓa, ta ji ya nuna lafiya lau. Ta kira Maijidda, wadda ta zagayo ta ƙofa don ita ma katangar ta fara yi mata tsayi.

"Wannan kuma daga ina?"

"Ni ma shi nake tambaya. Iri ɗaya na shuka."

Suka zauna a tabarma suka raba shi biyu. Tsaminsa bai kai na jan ba, zaƙinsa kuwa ya fi. Maijidda ta lumshe ido tana taunawa.

"Sai a sa masa suna. Ni na ce ɗan Maijidda, tunda ta gefen katangata ya fito."

"Ta gefen madafata dai."

"Inuwar darbejiyata ce ta rene shi."

"Ruwan shinkafata ya sha."

Suna cikin haka Barnaba ya fito daga ɗaki yana gyara tabarau, ya ga ragowar a faranti, ya kai hannu. Su biyun suka daka masa tsawa a tare, ya janye hannun kamar ya taɓa garwashi. Saloma ta jawo farantin gabanta, ta fara tsince 'ya'yan ɗaya-ɗaya da bakin cokali, Maijidda kuma ta tashi ta nufi murhu ɗebo toka, tana tafe tana jaddada cewa maganar suna ba ta ƙare ba.